"Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah": to Hitila bai gani ba ne?

Abu Safiyya: Jiya gardama ta kaure a majalisarmu kan masu kai wa Rasha yaƙi, wani dattijo ya kashe ta da wannan karin maganar. Ni kuwa ta tsaya min a rai. Napoliyon, sarkin Faransa, ya shiga ƙasar a Yunin 1812 da sojoji wajen dubu 600, ya isa Mosko a Satumba, gobara ta cinye garin, yunwa da sanyi suka ƙarasa rundunarsa a hanyar komawa. Hitila na Jamus ya san wannan sarai, amma ya afka musu a Yunin 1941 da sojoji sama da miliyan 3. Ina ganin ya isa?

Malam Ɗanjuma: Nasiha ce ga mai hankali, ɗana. Shi ma Napoliyon yana da labarin kashin da sarkin Suwidin ya sha a hannun Rasha a yaƙin Poltava a 1709.

Maman Hanif: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Akwai fadama a bayan garinsu. Wani falke ya zo da damina da jakuna shida, aka ce ya zagaya, ya ƙi. Laka ta haɗiye biyu har da mangalar gishirinsu. Da shekara ta zagayo sai ga ƙanensa. Kaka ta ce tana tsaye da tulu a ka aka nuna masa wurin, ya duba ya ce ai jakunan yayansa ramammu ne, nasa ƙosassu. Ya kora su ciki. Nauyinsu ma ya sa suka fi saurin nutsewa. A nan takan yi shiru, sannan ta ce, "Ya gani, 'yar nan, kansa ne bai gani a ciki ba."

Baffa Sani: Amin. Masu ƙosassun jakuna ai muna da su, kowane zaɓe fadama ɗaya suke faɗawa, da jiniya ma.

Ummu Khalil: Ku daina jingina komai ga sanyi, don Allah. Mutum wajen miliyan 27 Tarayyar Sobiyet, wadda Rasha take ciki a lokacin, ta rasa a yaƙin Hitila. Jini ne ya tare shi.

Ɗan Zinder: Kuma Mongol sun ci su, har Kiyef ta faɗi a 1240. Su Sobiyet ɗin ma sun shiga Afganistan a 1979, sai 1989 suka fito. Wa ya kamata ya ji tsoron?

Malam Ɗanjuma: Wannan kuma wata maganar ce.

Baffa Sani: Maman Hanif, gishirin fa, an samu an ciro?