Jirgin fito Le Joola na Senegal: ya aka yi ya kife?

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wa ya san tarihin aikin Le Joola? Tsufa ne ya kai shi ƙasa?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ba tsufa ba ne, Malam. A Jamus aka ƙera shi a 1990, tsawonsa mita 79, kuma fasinja 536 da motoci 35 aka ƙayyade masa. Sojojin Senegal ke tafiyar da shi tsakanin Dakar da Ziguinchor. Ya yi kusan shekara a ajiye saboda matsalar inji, ya dawo aiki a Satumban 2002, ranar 26 ga watan ya kife a gaɓar Gambiya. Alƙaluman gwamnati: mutum 1,863 suka rasu, 64 suka tsira.

Matuƙi:
Lodi ne ya yi masa yawa, ninki uku har da ɗori. Gindinsa ba zurfi, don ya iya shiga kogin Casamance, inda Ziguinchor take. Jama'a kuwa sun cika benen sama maƙil, nauyi ya koma can. Da hadari ya taso da dare, ya karkata gefe guda, ruwa ya kwararo ta tagogin da ke buɗe. Cikin 'yan mintuna ya juye.

Bakanike:
Haka ne. A tsibirin Carabane ma, inda yake tsayawa a hanya, babu tashar jirgin ruwa a lokacin, da kwale-kwale ake kawo mutane da kaya, ƙidaya sai ta ɓace. A 2008 wani sabon jirgi, Aline Sitoé Diatta, ya karɓi hanyar.