Tafiyar hutu ta mutum 17, ta ina zan fara?

Uwar Tagwaye: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. An ɗora min haɗa tafiyar hutu ta danginmu, mu 17 ne har da yara 6 da tsohuwarmu, kwana 4 za mu yi. Gida ɗaya babba ya fi mu kama ko ɗakuna a otal? kuma yaya ake raba kuɗin ba tare da ran wani ya ɓaci ba

Kawun Yara: Gida ɗaya. Amma ki ƙirga banɗaki kafin ki ƙirga ɗaki, mutum 17 a banɗaki 2 ba za ku fita ba sai rana ta take

Yaya Babba: Ƙanwata bar maganar gida ko otal tukuna, ki saurare ni don ni abin nan ya taɓa cina. Mu 14 muka shirya, kowa a guruf yana ta "ki sa ni, ki sa ni da yarana", na ga ai 'yan uwa ne ba sai na tsaya jiran kuɗi ba, na ciri rabin kuɗin gidan daga aljihuna na bayar kafin alƙalami, kuma na zaɓi farashin nan mai rahusa wanda in ka fasa ba a mayar maka da ko sisi. Saura kwana 9 wata ta ce an matso da jarrabawar ɗanta, washegari wani ya ce ba a ba shi hutu a wurin aiki ba, shi da iyalinsa mutum 4 kenan, a ƙarshe mu 8 muka je gidan da aka kama don mutum 14. Su kuma waɗanda suka zo suka ce su abin da aka faɗa musu tun farko shi za su biya, kuma ban ga laifinsu ba. Daren farko ina zaune a bakin gado da risit a cinyata ina ta danna lissafi a waya, ina jin dariyarsu daga falo, wlh sai da na yi hawaye. Kuɗin ma da sauƙi, abin da ya fi min ciwo shi ne wadda na tuna wa alƙawarinta har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Don haka ki sa rana, ki ce duk wanda kuɗinsa bai shigo ba zuwa ranar nan babu sunansa, kuma ki rubuta a guruf kowa ya gani cewa kafin alƙalami ba ya dawowa sai dai in mutum ya kawo wanda zai maye gurbinsa. Sannan ki nemi wurin da za ki iya fasawa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, a shafin kama masauki na Booking.com suna rubuta ranar da damar take ƙarewa, ki sa wayarki ta tuna miki kwana 2 kafin nan. A Airbnb kuma, shafin da mutane ke ba da hayar gidajensu na 'yan kwanaki, kowane mai gida da nasa sharaɗin, ki karanta, kuma ki duba jimillar kuɗin a ƙarshe don akwai kuɗin shara da na hidima da suke hawa kai.

Anti Ƙarama: Allah sarki Yaya, Allah ya mayar da alheri

Uwar Tagwaye: Yaya kin tsorata ni fa, ni har na kusa biya jiya

Autan Gida: Ku sauke manhajar raba kuɗi ta Splitwise, duk wanda ya kashe wani abu ya shigar, ita za ta fitar da wa ke bin wa

Kawun Yara: Auta tsohuwa za ka ce ta sauke manhaja? A naɗa ma'aji ɗaya kawai da littafinsa, kuma kada ya zama ita mai haɗa tafiyar, aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa

Malamar Lissafi: Rabon kuɗi: babba kaso 1, yaro rabin kaso. Manya 11, yara 6 sun zama kaso 3, sai ki raba komai gida 14. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 a kai saboda abin da ba a zata ba, in ya yi saura a mayar wa kowa

Baban Huɗu: Malama da ɗaki ya kamata a raba. Ni da yarana ɗaki ɗaya muke kwana, don me zan biya kaso 3

Malamar Lissafi: To kujerun mota fa Yallaɓai, su ma ɗaya kuke zama?

Baban Huɗu: Ƙaramin a cinya yake

Anti Ƙarama: Ku raba biyu mana, kuɗin kwana da ɗaki, kuɗin mota da kai. Abin da ba na so shi ne marar aure ya biya cikakken kaso kuma a ce shi zai kwana a kujerar falo, kullum haka ake yi musu kuma ba adalci ba ne

Autan Gida: Anti Allah ya biya ki, shekara 3 kenan falo ne ɗakina

Direban Dangi: In jirgi za ku hau, yawancin kamfanoni daga mutum 10 suke ɗauka a matsayin ayari, ki tuntuɓe su kai tsaye. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi. In kuma ƙetare ne kowa ya duba fasfonsa yau ɗin nan, ƙasashe da yawa sai da sauran wata 6 kafin ya ƙare

Yaya Babba: Na manta, ki tambayi ƙarfe nawa ake ba da makulli. Yawanci sai 2 ko 3 na rana, kada ku isa da safe ku tsaya da tsohuwa da kaya a bakin ƙofa. Kuma ita a ba ta ɗakin ƙasa kusa da banɗaki, maganinta a jakar hannu ba cikin akwati ba

Kawun Yara: Masu minshari kuma a haɗa su ɗaki ɗaya su ƙarata

Baban Huɗu: Kawu da wa kake?

Kawun Yara: Ban kama suna ba

Uwar Tagwaye: Na rubuta musu ranar biya yanzu, mutum 2 har sun fara cewa za su yi shawara da gida tukuna

Yaya Babba: Kin gani ko. Kada ki taɓa kuɗinki sai nasu ya shigo

Baban Huɗu: Malama ni fa har yanzu ban yarda da rabin kason nan ba, ɗan shekara 3 da ɗan shekara 12 duk ɗaya?