Zafin jiki bayan ɗaukewar al'ada, filaksid na magani?

Tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Innata ce shekarunta 51, al'ada ta ɗauke mata tun bara, to yanzu haka kawai sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska zufa ta jiƙe ta sharkaf, da dare kuwa ba barci ko da kuran (wutar lantarki) bai ɗauke ba. Wata maƙwabciyarmu nan unguwar Bagalam ta ce a sai mata filaksid, wani ƙaramin iri wanda masu maganin Musulunci ke ce ma bazarul kattan. Akwai wadda ta gwada?

Maman biyu:
Wa alaikumus salam. Ni na sha, cokali ɗaya cikin kunu da safe. Amma ki niƙa shi tukun, in an haɗiye shi ɗungum haka zai fito, kuma kar ki niƙa da yawa dan yana da mai saurin lalacewa gare shi a zafin Maradin nan, sai dai in kina da firigo. Gaskiya cikina ya saki, zafin kam wata rana da sauƙi wata rana babu.

Hajiya:
Ɗiyata ai ridi ne ko?

Maman biyu:
A'a Hajiya ba ridi ba ne, shi ya fi faɗi, ruwan ƙasa ne mai sheƙi.

Ungozoma:
Ƙanwata bari in gaya miki gaskiya kar ku zuba kuɗi da dogon buri. Yana da wani sinadari lignan mai ɗan kama da estrojen, sinadarin matan da ke raguwa in al'ada ta tsaya, shi ya sa ake ta yaɗa shi. Likitocin Mayo Clinic a Amurka sun yi ƙaramin gwaji a 2007 aka ga kamar yana aiki, da suka sake da mata 188, rabi suka ci na gaske rabi na bogi, sauƙin da aka samu duk ɗaya ne. Abinci ne mai kyau ga mai taurin bayan gida, ta sha ruwa sosai in ba haka ba kumburin ciki. In tana shan maganin tansiyo (hawan jini), na suga ko mai tsinka jini a tambayi likita tukun. Ta rage yaji da shayi da dare, ta sa tufafin auduga. In kuwa ta ga jini bayan shekara guda da ɗaukewa ku tahi gidan likita maza.

Mai tambaya:
Na gode anti, tana shan na tansiyo kuwa, gobe in sha Allah zan raka ta.