Me za mu kira "taƙrir nafsi shar'i" da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini da kalma. Ina yi wa 'yan'uwanmu tafinta a nan Jidda. Jiya wata dattijuwa ta zo mini da takarda a naɗe cikin leda, wai sai an rubuta wa ɗanta "taƙrir nafsi shar'i" kafin alƙali ya ci gaba da sauraren shari'arsa. Fannin da Turawa ke kira forensic psychology ke nan. Na buɗe baki zan fassara, Hausar ta ƙi zuwa.

Da na ce "rahoton shari'a", sai ta ce, "To ɗana, nawa malamin zai karɓa?" Ashe ruƙiyya ta zata. Ba laifinta ba ne, nan garin da an ce shar'iyya ruƙiyya ke fara faɗo wa mutum a rai. Alhali kotu ake nufi.

Wani abokina ya ce "takardar hauka". Wannan kam ban yarda ba. Yadda ɗan Kano ke jin asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, haka mutanen nan ke jin irinsa na Shihar da ke garin Ɗa'if, da ka ambata an gama yi wa mutum tambari. Kuma takardar ba hauka take tabbatarwa ba, sau da yawa ma cewa take yi mutum garau yake. Tambayar alƙali take amsawa: yana cikin hayyacinsa lokacin da abin ya faru? Yana gane tuhumar da ake masa? Mu da muka taso da hadisin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, wannan ba baƙon zance ba ne. Mai rubutun kirki yakan ware abin da ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da nasa ra'ayin, ya bar wa alƙali hukunci.

"Gwajin ƙwaƙwalwa" ma na ajiye, mutane hoton kai suke zata.

Na dai tsaya a kan "rahoton awon hankali na kotu". Ya yi tsawo, na sani. Amma da na faɗa mata sai ta gyaɗa kai ta ce, "Au, hankalinsa za a auna wa alƙali."

'Yan'uwa na Mai Wurno da Gadarif a Sudan, ku da kuka fi mu daɗewa kuna haɗa Larabci da Hausa, me kuke ce mata a can?