Kowa ya daka ta wani: daka, fam da laba

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ƙanwata ta zo min da aikin makaranta wai kalmar nan "pound" da muka ara muka ce fam, a Turanci ita ce kuɗi ita ce awo ita ce kuma daka, shi ne na tuna da karin maganar nan "kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa". Don Allah dakan nan na turmi ne ko na biye wa mutum ne?

Maman Khalifa: Wa'alaikumussalam. Na turmi ne mana ɗana. Ni a gidan yawa na tashi, turmi ɗaya ne mu duka, in kika tsaya surfa wa wata geronta tun hantsi to kafin ki jiƙa naki wata ta kafa taɓarya, sai magariba ta same ki ba ki ɗora tuwo ba yara na kuka. Maganar tana cewa ka fara da naka.

Malamin Hausa: Hajiya ki gafarce ni, ban yarda ana hana taimako ba ne. Mu da "kowa ya daka rawar wani" muka san ta, kuma ai ana daka tsalle, a daka tsawa, a daka wawa, duk ba turmi. In aka ce kar ka daka ta wane, ana nufin kar ka biye masa. Turmin an kawo shi ne don kalmar ta yi harshen damo.

Maman Khalifa: To Malam ai duk ɗaya ne, wadda ta biye wa wata ita ce ke rasa turmin.

Baba Na Kantin Kwari: Ku bar ni da fam ɗin nan, na kashe shi da hannuna. Sule 20 ne fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, ga sisi ga taro ga anini mai huda a tsaka. Ranar 1 ga Janairu 1973 lokacin Gowon aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira 2, shi ya sa har gobe dattijo zai ce jaka ɗaya yana nufin naira 200, wato fam 100. Kuɗin sun tafi amma har yau kuna cewa ba ni da ko sisin kwabo.

Ɗan Maraɗi: Baba a wajenmu jikka sefa 1000 ce, dala kuma sefa 5. Na taɓa ciniki a Jibiya muka kusa rigima kan wannan.

Ɗan Fagge: Baba na awon fa, shi ma fam ake cewa?

Baba Na Kantin Kwari: A'a ɗana, laba muke cewa, bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne kusan. Da shi ake ɗora kaya a sikeli kafin kilo ya zo.

Malamin Hausa: Kuma alamar £ ɗin nan harafin L ne, daga libra ta Latin, sunan ma'aunin nauyi, don asalin fam ɗin Ingila nauyin laba ɗaya ne na azurfa. Amma "pound" ɗin da ke nufin daka asalinsa daban ne, sauti ne kawai ya haɗa su.

Maman Khalifa: Ni dai ina kan bakana Malam, wanda ya fara faɗin maganar nan mace ce kuma a gindin turmi take.