Burodi ko kek: wanne zan fi gasawa?

Mai_Tanda_Gombe: Salamu alaikum. Gidan burodi ne ƙarami a Jekadafari. Kullum buhun fulawa ɗaya, kilo 50, tanda kuma awa 10. Tiren burodi yana cin kilo 4 da rabin awa, ribarsa ₦3,000. Tiren kek kilo 2 da awa guda, ribarsa ₦4,000. In koma kek zalla ne?

Malamin_Lissafi: Wa alaikumus salam. A'a, Alhaji. Kek zalla tire 10 ne, ₦40,000, kilo 30 na fulawa kuma na zaune. Burodi zalla tire 12, ₦36,000, tanda ta huta awa 4 a banza.

Wannan shi ne liniya furogiramin (linear programming), wato lissafin neman riba mafi yawa da kayan aiki masu iyaka. Kira burodi x, kek y. Fulawa: 4x + 2y kada ya wuce 50. Tanda: 0.5x + y kada ya wuce 10. In ka zana iyakokin nan biyu a jadawali, riba mafi tsoka kullum a kusurwa take, inda layuka suka haɗu, a nan kuma kusurwar ita ce inda fulawa da awannin tanda suke ƙarewa tare. Sa y = 10 − 0.5x cikin na farko, sai 3x = 30. Burodi 10, kek 5, riba ₦50,000.

Hajiya_Akanta: Lissafin Malam daidai ne, amma fa ya ɗauka duk abin da aka gasa zai shige. Idan kwastomomi tire 4 na kek kaɗai suke ɗauka, ƙara sharaɗin y kada ya wuce 4, amsa ta koma 10 da 4, ₦46,000. Sannan ribar tire ka cire mata fulawa, sukari, bota, ƙwai, itace da leda kawai. Kuɗin haya ba ya shiga, don ko ka gasa ko ba ka gasa ba sai ka biya.

Injiniya_Bauchi: Wani tarkon kuma. Ƙara awa ɗaya a tanda, lissafi zai ba ka 9.33 da 6.33. Ka zubar da ɗigon ka yi 9 da 6, ₦51,000 ke nan, alhali 8 da 7 na ba da ₦52,000. To in itace da ladan yaro na awar sun kai ₦2,000, ba ta biya ba.

Kaya sun wuce biyu, bar takarda. Buɗe Solver, mai warware irin wannan lissafi a manhajar Excel, zaɓi Simplex LP, hanyar da George Dantzig ya fitar a 1947, ka sa wa x da y sharaɗin int don su fito cikakkun lambobi. Farashin fulawa ya motsa, sake bugawa.