Taƙaitawa: rataye busasshen tsuntsu mai nauyi a bango

An yi muhawara kan yadda za a rataye tsuntsu mai nauyi da aka busar da fatarsa aka cusa don ado a bango ba tare da ya faɗo ba. Ga abin da na tsinta daga muhawarar:

1. An yi ittifaƙi cewa wayar da ake zurawa cikin ƙafar tsuntsun ita kaɗai ba ta ɗaukar talotalo, dinya ko ɗawisu. A dasa rodi mai zare na milimita 8 cikin katakon da ke tsakiyar gangar jikin tsuntsun, a ɗaure shi da noti da washa a bayan allo mai kaurin milimita 18.

2. Gwargwadon nisan tsuntsu daga bango, gwargwadon yadda yake fizgar sukurun sama da ke riƙe da allon a bango. Shi ke fara zarewa, don haka a matso da gangar kusa.

3. Bulo: kada a buga ƙusa. A huda da diril, a sa fisha (robar da ake cusawa a hujin don ta riƙe sukuru), a nemi wurin da ba rami, domin filasta ita kaɗai ba ta riƙo.

4. Ginin ƙasa irin na cikin birnin Zariya ya raba kan mutane. Wasu sun ce dogon bolt ya ratsa bangon, da farantin ƙarfe a baya. Mafi yawa sun ce a haƙura da ratayewa, a yi kantar da za a ɗora tsuntsun a kai, kuma nan na karkata.

5. Rodi ɗaya ko biyu? Masu biyu sun ce ɗaya yana barin tsuntsu ya juya, musamman mai buɗaɗɗen fiffike.

Hunturu na tsuke katako, noti ya saki. A sake ɗaurewa, a duba gara.